Kayen da ake saye da kuɗi

A gidajen gem na Kwanar Ɗangora da Tudun Wada, yaro zai biya kuɗin wasa, ya damƙi hannun PlayStation. Maimakon ya zaɓi matakin da zai ɗura wa kwamfuta ƙwallo goma, sai ya kai shi can ƙoli, inda golanta ko ƙiftawa ba ya yi. Kafin hutun rabin lokaci an zura masa huɗu. Janareta na ƙugi, shi yana gumi, babban yatsansa har ya yi kanta.

Wai nasara mai araha ba ta da daɗi. Haka ne, amma ni na fi zargin 'yan kallon da ke kan benci. Ka ci a mataki mai sauƙi, a ce ka doki jariri. A lallasa ka a mai wuya kuwa, uzurinka na nan a shirye: kwamfuta ce ke maguɗi! A 2023 gem ɗin FIFA ya koma EA Sports FC, amma wannan uzuri bai sauya ba.

Mai gidan gem bai taɓa musa zancen maguɗin ba. Canjinsa kawai yake ƙirgawa.