Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Igiyar Kare

Uwargida Igiya,

Ina fatan kina lafiya, ko da yake na san lafiyar sai a hankali, tunda rabonki da sabulu tun ranar da aka sayo ki. Ina rubuto miki daga Fadan Kaje, nan ƙasar Bajju, a madadin masu karnuka da kuma waɗanda karnukan suka hana sakat. Kashi na biyun sun fi yawa, su ne ma suka matsa mini in ɗauki biro.

Kukanmu na farko shi ne ba ma ganinki. Da damina kowace akuya tana kan turke, don kada ta shiga masarar wani a kwana ana shari'a. Aladen da za a kai kasuwar Katsit ranar Alhamis, ɗaure shi ake yi tamau. Kare kaɗai ke yawo yadda ya ga dama. Ya shanye ƙwan maƙwabta, ya bi ta kan cittar da aka shanya, ya kori ɗan acaɓa har cikin kwata, sannan ya dawo gida yana kaɗa wutsiya. In ka kai ƙara, amsa ɗaya ce: "Ai ba ya cizo, wasa yake." Uwargida, duk karen da na san ya yayyaga ƙafar wani, sai da mai shi ya faɗi wannan magana.

Na biyu, akwai masu yi miki sojan gona. Na ga tsohuwar wayar lantarki a wuyan kare, na ga robar tayar babur, na ga igiyar shanya da gefen tsohon zani, duk suna amsa sunanki. Mafi muni a cikinsu shi ne zarge. Kare ya ja, zarge ya shaƙe, idanu su firfito, mai shi kuma yana cewa tarbiyya yake ba shi. Waya kuwa yanka take yi. Abin tausayi shi ne ɗan kwikwiyo: a ɗaura masa abu a wuya yana ƙarami, a manta cewa girma yake yi, bayan 'yan watanni abin ya nutse cikin nama, ƙudaje su samu wurin biki.

Ga yadda muke so ki zo mana. Ki zo da abin wuya mai faɗi, na fata ko na nailan, wanda in an ɗaura yatsu biyu za su shiga tsakaninsa da wuya. In uku suka shiga, kare zai zare kai ya bar ki a hannun mai shi. Tsawonki ya kai mita ɗaya da rabi zuwa biyu. Ki zo da madauki a ƙarshe, don masu naɗe ki a yatsu su daina, domin babban kare in ya hango zomo ba ya tuna cewa yatsa ƙashi ne. Ƙugiyarki kuma ta kasance mai juyawa, ta ƙarfe mai nauyi. Wani mai kaya a kasuwa ya taɓa rantse mini cewa tasa za ta riƙe zaki. Kaza ce ta gifta, ƙugiyar ta buɗe baki. In kare mai tauna ne, 'yar'uwarki sarƙa ta karɓi aiki, amma marar nauyi, kada a rataya wa ɗan kwikwiyo sarƙar ɗaure janareta.

Kada ki ce ban san laifinmu a kanki ba. Ruwan ƙasar nan ba wasa ba ne, daga Afrilu har Oktoba yana zuba, mu kuwa sai mu bar ki cikin taɓo. Sarƙa ta yi tsatsa, fata ta yi funfuna ta bushe ta tsage, nailan kuma rana ta cinye shi har ya riƙa burtsewa. Abin da kike buƙata kaɗan ne: wanki da ruwa da sabulu, shanya a inuwa, ɗan man kaɗanya in ta fata ce, ɗigon mai a ƙugiya, da ƙusa guda a bango inda za a rataye ki.

Sai dai ke ma kina da naki. Wasu gidajen da kika shiga kin zama gidan yari. An ɗaure kare a gindin mangwaro da taƙi biyu, inuwa ta matsa ta bar shi, kwanon ruwa ya kife tun safe, haka yau haka gobe. Irin wannan kare ranar da ya tsinke, ba ya tambayar wane ne ɓarawo wane ne ɗan makaranta. Aikinki ki fita da shi safe da yamma ya miƙe ƙafa, ki dawo da shi. Maharba kuwa ba ruwanki da su in rani ya yi an shiga daji, can aikin kare ne, ki jira su a hanyar dawowa.

Yanzu bari in ajiye raha kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta cizon kare ne. Yara ne da yawa daga cikinsu. In alamun ciwon suka bayyana, da wuya a tashi. Tun 1885 Louis Pasteur ya yi wa mutum allurar farko a Faransa, nan kusa da mu kuma cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana yin ta karnuka. Allura tana nan. To amma yaya za a kai kare gaban likitan dabbobi ba tare da ke ba? A goye? Kuma in kare ya ciji mutum, bayan an wanke ciwon da ruwa da sabulu na minti 15 an garzaya asibiti, ana so a tsare karen kwana 10 a ga ko zai sauya hali. Wannan tsaron naki ne. Mu kuwa sai a buge shi nan take, ko a sayar da shi da dare, shaida ta shiga tukunya.

Tunda na ambaci tukunya, kin san abin da ke faruwa in Disamba ta kama. Masu babur da kejin ƙarfe suna zagaya ƙauyuka, wasu saye suke yi da gaskiya, wasu kuwa sun san karen da ke yawo shi kaɗai ba ya da lauya. Daga nan sai kasuwar Dawaki a Kanke, daga can sai babbar mota zuwa Kalaba. Mai shi yana nan yana kiran "Lion! Lion!" a bayan gida, Lion kuwa ya wuce Makurɗi. Kuɗinki bai kai na mudun shinkafa biyu ba, amma sai an yi asara ake tuna ki.

Saboda haka, Uwargida, ki sauko daga rumfar masu kaya ki shigo gari. Ranar 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya. Muna so mu gan ki a wuyan karnukan Fadan Kaje da Zonkwa da Kafanchan, a layi, kowa riƙe da nasa, ana jiran allura. Wanda ya ce nasa ba ya cizo, ki fara da gidansa.

Ki gaida sarƙa da takunkumi.

Naki,
Mai kare ɗaya da maƙwabta masu kaji,
Fadan Kaje.