Kasafin Baki da Kasafin Hanya: Nazari kan Tafiyar Tsimi daga Gololo zuwa Yankari

A ƙasar Norwe, can arewacin Turai, akwai wani irin wuri da ake kira fiyod, wato harshen teku mai zurfi wanda ya kutsa cikin tudu tsakanin dogayen duwatsu bayan ƙanƙarar zamanin da ta yashe kwarin, kuma mafi tsawonsu a ƙasar, Sognefjord, ya haura kilomita 200. Masu ƙaramin ƙarfi daga cikin Turawa sun saba tuƙa kansu zuwa irin waɗannan wurare, su kwana a tanti, su ci busasshen burodi, su dawo gida da sauran canji a aljihu. Mutumin Gololo, a ƙaramar hukumar Gamawa ta ƙasar Katagum, ba shi da teku balle harshensa, amma yana da Wikki, maɓuɓɓugar ruwan ɗumi da ke fitowa daga ƙarƙashin dutse a dajin Yankari, kuma shi ma yana da burin zuwa can a motarsa ba tare da kuɗi sun ji jiki ba. Wannan buri shi ake nufi da tafiyar tsimi.

An keɓe Yankari, da ke ƙaramar hukumar Alkaleri, a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, sannan ya koma hannun jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne, ɗumin ruwan Wikki kuwa yana nan a kan digiri 31 dare da rana, rani da damina, kuma shi kaɗai ne adadin da ba zai canza ba a duk lissafin da ke tafe.

Tafiyar tana farawa da kasafin baki, wato lissafin da abokai huɗu ke yi bayan sallar isha'i a teburin mai shayi, ba biro ba takarda, inda kowace lita ta fetur ke cin ninkin tazarar da aka san ta da ita, taya ba ta fashewa, kuma babu mai jin yunwa. A nan ake yanke cewa za a yi karo-karo, wanda ma'anarsa a ƙa'ida ita ce kowa ya kawo rabonsa, amma a aikace mutum ɗaya ne ke biya, sauran ukun su ce masa: “Alhaji, ka dai fitar, in mun dawo ma yi lissafi.” Abin lura shi ne kasafin baki ba ya taɓa ambaton ɗinkin sabuwar shadda da hula da wankin takalmi, domin a ganin mahalarta waɗannan ba kuɗin tafiya ba ne, kuɗin mutunci ne, kuma mutunci ba ya shiga tsimi.

Kuskure mafi girma a kasafin shi ne adadin matafiya. Labarin tafiya ba ya kwana a gida ɗaya, saboda haka kafin asuba motar da aka ƙera domin mutum biyar takan sami masu haƙƙi tara. Rukuni na farko su ne 'yan rage hanya, waɗanda ke cewa a Azare za su sauka, sai an isa Azare su tuna ashe Misau ce, a ƙarshe a gan su tsundum a cikin ruwan Wikki. Na biyu shi ne ƙanen matar mai mota, wanda ba a gayyata ba kuma ba a isa a hana ba. Na uku ita ce Gwaggo, wadda ba ta da wata sha'awa ga giwa, amma tana da jika a Darazo da ta daɗe ba ta gani ba, ga kuma ƙullin daddawa da kuka da za ta kai masa. A kan waɗannan ake ɗora sallahu, wato saƙon da maƙwabta ke bayarwa da kalmar “ɗan ƙaramin abu ne,” alhali a ilmin sallahu ƙaramin abu yana farawa daga buhun gero ya ƙare a ɗan akuya mai rai.

Motar kanta galibi 'yar Kwatano ce, wadda ta gama aikinta a Turai kafin ta zo nan ta fara sabuwar rayuwa, kuma tsimin farko da ake yi a kanta shi ne ƙin kai ta wurin bakanike, bisa hujjar cewa bakanike ba ya duba mota ya rasa abin faɗa. Safaya tana nan a but, sai dai rabonta da iska tun sallar bara. Jak kuwa wani ya ara bai dawo da shi ba. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, direban tsimi ya ƙware a fasahohi guda biyu. Ta farko ita ce firi, wato cire mota daga giya a gangara domin ta tafi da ikon Allah, fasahar da ba ta da wani amfani a shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Katagum inda gangara ke da wuyar samu, ga kuma hatsari a inda aka same ta. Ta biyu ita ce wuce gidan mai, da fatan na gaba ya fi sauƙi da naira biyar. Ana wuce na Azare domin na Misau, a wuce na Misau domin na Darazo, har allurar mai ta kwanta, motar ta yi tari sau biyu ta tsaya a inda babu kowa sai ɗan bumburutu, wato mai sayar da fetur a galan a bakin titi, wanda ke karanta fuskar mai saye kafin ya faɗi farashi. Garin neman gira ke nan an rasa ido. Mai faci, da yaran da suka taya turi, da mai acaɓar da ya kai jarka ya dawo, duk suna da kaso a cikin kuɗin da aka hana bakaniken gida.

Da yake tazarar ta haura kilomita 300, ga tsaye-tsaye, dare yakan riski ayarin a Bauchi, kuma a nan ne zumunci ke farfaɗowa. Mai mota yakan tuna yana da ɗan kawu a garin, wanda shekara bakwai ba a kira shi ba ko da ta'aziyya, ya buga waya da murya mai taushi: “Yaya, zumunci a ƙafa yake, ga mu nan a ƙofar gida.” Mai gidan, wanda ya yi cefanen mutum shida, zai ciyar da sha biyar, ya kwashe 'ya'yansa daga ɗaki, da safe kuma ya yi rakiya yana cewa an yi gaggawa. A littafin matafiya wannan kwana kyauta ne, domin kuɗin ya fita daga aljihun da ba su suke lissafa shi ba.

Daga Bauchi ake bin hanyar Gombe zuwa Dindima, a ratse zuwa ƙauyen Mainamaji inda babbar ƙofar take, kuma a wannan ƙofa ne ake ganin wani abin mamaki da likitoci ba su yi bincike a kansa ba: saurayi mai gemu yakan koma ɗan shekara goma sha ɗaya da zarar an fara zancen kuɗin shiga. Bayan an gama ciniki, wanda ma'aikacin ƙofa bai san yana ciki ba, sai a gano akwai sauran tafiyar kimanin kilomita 40 a cikin daji kafin sansanin Wikki. Ana isa da rana tsaka, lokacin da giwa da ɓauna da gwanki suka shige inuwa kamar yadda duk mai hankali zai yi, sai a yanke hukunci cewa dabbobin sun ƙare, gwamnati ta cinye su. Fita kewayen daji tare da ɗan jagora tana da nata kuɗin, saboda haka akan soke ta da cewa ai duk an gani a talabijin.

Dabbar da ba ta buƙatar ɗan jagora ita ce bika, wanda aka fi sani da gwaggon biri, kuma shi ne babban mai cin gajiyar tafiyar tsimi. Domin guje wa abincin sayarwa, an taho da kula cike da soyayyar kaza da dambun nama da fanke, abincin da matan gida suka kwana suna haɗawa kuma kuɗinsa bai shiga kasafi ba. Birin ya daɗe a wannan sana'a, ya san kula, ya san leda, ya san gilashin motar da aka bari a buɗe saboda ba ya ɗaguwa. Yayin da maza ke cikin ruwa, shi yana kan reshe da cinyar kaza, gadu kuma na kiwo a gefe bai ce uffan ba. Idan yaro ya rugo da ihu cewa gwaggo ta kwashe naman, akan ɗauki ɗan lokaci kafin a tantance wadda ake nufi.

Sauran lokacin na hoto ne. Lokacin da Baturen nan Hugh Clapperton ya biyo ta Katagum a farkon 1824, a hanyarsa daga Borno zuwa Kano, ya rubuta abin da ya gani na gari da kasuwa da mutane. Matafiyin yau kuwa yakan juya wa ruwan baya, ya ɗaga waya, ya ɗauki fuskarsa sau arba'in, ya hau tudu neman sabis domin WhatsApp ya shaida cewa ya zo. Ruwan garau yake har ana hango yashin ƙasansa, amma wannan sai an koma Gololo wani ya nuna masa a kusurwar hoton.

Kasafin hanya, wato abin da aka kashe da gaske, ba a bayyana shi a majalisa. Idan aka tambaya, amsar ita ce mai kawai aka sha, kuma abokan karo-karo sukan goyi bayan wannan magana da ƙarfi, domin amincewa da wani adadi daban yana nufin biyan rabonsu. Motar takan yi mako biyu a garejin bakaniken da aka guje wa tun farko, giwar da ba a gani ba kuma tana ƙara girma a kowace hira, har ta kai ga taka gefen motar, abin da ke bayyana lotsewar da aka samo wajen turi.

Ga wanda ke da niyya a lokacin rani, dabbobin sun fi taruwa a bakin kogin Gaji da sassafe da kuma yamma, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu. A sha mai a Azare, a ba safaya iska, a sanar da ɗan kawu na Bauchi tun mako guda, kuma kada a shiga ruwa sai an bar mutum ɗaya a kan kula.