Hancin Alhaji da Na'urar NAFDAC

Wai 'yan Kantin Kwari sun ce masana sinadarai sun rasa aikin yi, sun bar kwalabe da gauraye-gauraye sun koma danna kwamfuta. 'Yan Sabon Gari kuma suka ce ai daman boko kenan. To Alhaji, ajiye kalkuletar nan tukuna, ciniki ba zai gudu ba.

In aka kawo maka shadda aka ce Getzner ce, me kake yi? Ka duba sheƙi, ka murza da yatsa, ka sansana, ka ɗaga ka ji nauyi. Kowanne shi kaɗai zai iya yaudararka, sai ka haɗa su kake cewa "ɗauke, 'yar kwaikwayo ce". Abin da kimometiriks, wato fannin da masanan nan suke danna wa kwamfuta, ke yi kenan, sai dai alamunsa ɗaruruwa ne, wani lokaci dubbai. Ana haska abu, na'ura ta auna yadda ya sha hasken ko ya watsa shi a kowane zango, jerin lambobi ya fito wanda ido ba zai iya karantawa ba. Lissafi ne ke tace su, ya ware 'yan kaɗan da ke bambanta na gaske da jabu. Ɗaya daga cikin dabarun tun 1901 Karl Pearson ya fitar da ita a Ingila, kafin Turawa su ci Kano da shekara biyu. Svante Wold na Suwidin ya raɗa wa fannin suna a 1971, sannan shi da Bruce Kowalski na Amurka suka kafa masa ƙungiya a 1974.

Ku kuwa 'yan magani, kada ku yi kamar ba ku san zancen ba. Tun kafin a ce ku koma kasuwar Dangwauro kun san TruScan, 'yar na'urar hannu da NAFDAC ta fara yawo da ita wajen 2010. Tana aiki da abin da Raman na Indiya ya gano a 1928. A ɗora ta kan ƙwayar tana cikin ledarta, ta gwada da sawun maganin asali da aka adana mata, ta ce ya wuce ko ya faɗi. Ba ta san ɗan wane ba ne, ba ta kuma shan lemo.

Na ji wani daga baya yana cewa, "Malam, ita ba ta kuskure ne?" Tana yi, ranka ya daɗe. Abin da aka koya mata kawai ta sani. In sinadarin daidai ne amma an rage shi, tana iya barinsa ya wuce, sai an kai ɗakin gwaji. In kuma da zumar Turai aka horar da lissafin, yana iya kallon zumarmu tsantsa ya ce bai yarda ba.

Shi ya sa ake buƙatar samfur na nan gida: manja, man gyaɗa, zuma, garin barkono, masu kyau da masu haɗi, da yawa. Saboda haka ranar da ɗalibin Jami'ar Bayero ya shigo da 'yan kwalabensa, Alhaji, a ba shi na kan tebur, a ba shi na ƙarƙashin tebur, a kuma faɗa masa wanne ne wanne.