Kitsonmu da Adonsa: A Sassauta Hannu

Mu dai matan unguwar nan ba mu da majalisar da ta wuce tabarmar mai kitso. Maza suna da dakalinsu da teburin mai shayi, mu kuwa muna da inuwar darbejiya a tsakar gida, da kujera 'yar tsugunno, da kibiya, da gwangwanin man kaɗe. Nan ake jin wadda ta sauka lafiya, da wadda za a kai ɗakinta, da yadda kwanon shinkafa ya kwana a kasuwa. In Sallah ta matso sai an yi sammako, wata ma tun da asuba take aiko 'yarta ta kama mata layi. Wannan shuku take so, waccan kalaba, wata zanen yawo, wata kitson Fulani mai saukowa ta gaban kunne. In an kama jelar ƙarshe kuma sai a shiga abin da ya fi kitson kansa jawo musu: me za a sa a kai?

A 'yan shekarun nan kawunanmu sun canja. Da, yarinya na fara tasawa za a kai ta shago a shafa mata rilaksa, gashi ya kwanta luf, fatar kai kuma ta kwana tana raɗaɗi. Yanzu da yawanmu mun dawo ga gashin da Allah Ya ba mu, mai cika da tauri da murɗewa. Wata tsadar rilaksar ce ta kore ta, wata karyewar gashi, wata kuma labarin binciken nan da aka fitar a Amurka a 2022, wanda ya nuna matan da ke yawan shafa man miƙar da gashi sun fi shiga haɗarin kansar mahaifa. Sai ga karkashi ya bar tukunyar miya ya dawo bokitin wanke kai, domin yauƙinsa na warware gashi ba sai mataji ya yi ta fizga ba. Sai ga garin cebe na matan Chadi ya shigo shagunanmu, ana kwaɓa shi da mai a shafa a jikin gashi, ba a fatar kai ba. Da gashi ya samu lafiya, sai sha'awar yi masa ado ta motsa.

Ranar nan wata amarya ta zo da leda cike da wuri da 'yan zobban gashi masu ruwan zinare, tana cewa a TikTok ta gani, sabon yayi ne. Goggo da ke gefe tana tsintar wake ta ɗago kai.

"'Yar nan, wa ya ce miki sabo ne? Kakata da wuri a kanta aka kai ta ɗaki. Doka aka yi mata, aka shafe ta da man shanu, ta yi wata guda ba a taɓa ba."

Gaskiyar Goggo ce. Wuri kuɗi ne a ƙasar nan kafin Turawa su kawo kwabo da sule. Daga tsibiran Maldibis na Tekun Indiya yake tasowa, kuma da matafiyin nan Bajamushe, Barth, ya shigo Kano a 1851, da shi ya tarar ana ciniki a kasuwar birni. Macen da ta jera shi a gashinta, arzikin gidansu ta ɗora a kai. Har gobe in kika dubi 'yan matan Fulani masu tallar nono za ki ga kwabbai da zobban azurfa suna lilo a jikin kitso. A Nijar kuwa, in an taru a Ingal wajen bikin lasar gishiri cikin watan Satumba, samarin Fulani Woɗaɓe ma kitso suke yi, su ƙawata kai da wuri da duwatsu. Wani mai ɗaukar hoto ɗan Najeriya, Okhai Ojeikere, tun 1968 ya fara bin mata yana ɗaukar hoton kitsonsu har ya tara kusan dubu, yau ana rataye su a manyan gidajen baje kolin fasaha na duniya. To ado a gashi gadonmu ne, babu mai raba mu da shi. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda muke yin sa.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya, hannunmu ya yi nauyi. Uwa ce za ta zaunar da 'yar shekara huɗu a gaban mai kitso ta ce, "Maman yara, don Allah ki ja shi da kyau, so nake ya kai mata wata biyu." A ja, a ja, har girar yarinya ta ɗage sama. A kawo duwatsu a zuba goma-goma a kowace jela, a ɗaure da roba tamau. Tana kuka ana ce mata, "Yi shiru, kyau sai da wahala." Da dare ta kasa ɗora kai a matashi, sai a ba ta farasitamol. Kwana biyu ƙananan ƙuraje su feso a goshi da ƙeya, mu ce ai sabon kitso ne, zai saki.

Waɗannan ƙurajen, saiwar gashi ce ke neman agaji. Yadda igiyar guga ke cin bakin rijiya a hankali, haka ja da nauyi ke cin gaban kai: yau ba a gani, gobe ba a gani, wata rana sai ga gurbi. Likitocin fata a Afirka ta Kudu sun duba lamarin suka fitar da sakamako a 2007: kusan mace 1 cikin 3 na da irin wannan zubewar gashin, cikin 'yan mata 'yan makaranta kuma kashi 17 cikin 100, kuma abin ya fi kama wadda ake ja wa kitso a kan gashi mai rilaksa. In an farga tun farko aka sassauta, gashi na dawowa. In aka yi shekaru ana ja har saiwa ta mutu, fatar ta yi sumul, to babu man kaɗe ko cebe da zai tsirar da shi. Mu dubi junanmu ranar biki in an ture ɗauri baya, mu ƙirga mata nawa ne gaban kansu ya cinye. Mun saba cewa gado ne ko haihuwa ce, alhali da yawa tun suna ƙanana aka fara cinye musu shi.

Shi ya sa muke yaba wa mai kitson layinmu. Ita in an ce ta ja, sai ta ajiye kibiya ta ce, "Ƙanwata, kitson nan mako uku zai yi a tsefe shi, kan kuwa da shi za ta tafi gidan miji. Wanne za mu lallaɓa?" A wurinta muka koyi abubuwan da yanzu suka zama al'adarmu. Gashin goshi ba a kama shi da ƙarfi, ba a rataya masa komai. Duwatsu uku ko huɗu sun isa jela ɗaya, kuma na katako ko na roba marasa nauyi, ba na gilashi ba. Kafin a saya a zuba su a tafin hannu. In hannu ya ji nauyi, kai zai fi shi ji. A duba bakin ramin kowane dutse, in da kaifi a ajiye shi, don kaifin nan ne ke yanke gashi sili-sili. Robar ɗauri a tsoma ta a mai tukuna, ranar tsifa kuma a yanke ta da almakashi, kada a fizge. Wuri a ɗinke shi da zare a jikin kitso inda gashi ke da kauri. Yaran da ba su kai shekara uku ba kuwa ba a sa musu duwatsu sam, domin in ɗaya ya zame, baki ko hanci ko kunne yake nufa. Su ribon mai santsi ya ishe su.

Sai kuma maganar dada, wadda in an taso ta tabarma ke rabewa biyu. Akwai yaran da gashinsu ke dunƙulewa da kansa tun suna jarirai, abin da maƙwabtanmu Yarabawa suka fi mu sani. Akwai kuma masu ajiye ta da niyya: 'yan jami'a, 'yan ƙwallo, har da matan aure a ƙarƙashin hijabi, saboda ta hutar da su zaman kitso. Wasu cikinmu da sun ga saurayi da ita sai su ce ɗan shaye-shaye ne. An yi gaggawar yanke wannan hukunci. Ba 'yan Rasta na Jamaika kaɗai ke da ita ba. A Senegal almajiran Shaihu Ibra Fal, waɗanda ake kira Bay Fal, da ita aka san su, kuma mutane ne masu aiki tuƙuru cikin ɗariƙar Muridiyya. A Amurka sai da jihar Kalifoniya ta kafa doka a 2019 ta hana nuna wa mutum wariya a wurin aiki ko makaranta saboda kitso ko dada. Mu da gashin namu ne, bai dace mu zama masu ƙyamarsa ba. Abin da ya kamata mu tambaya shi ne ko ana wanke ta, tana kuma bushewa.

Masu dada a cikinmu ma sun fi kowa iya adon hankali. Zobe ɗaya nan, wuri biyu can, zare mai launi a naɗe a sili guda, shi ke nan. Sun san in zobe ya matse waje ɗaya ya daɗe, silin zai sirance a nan har ya tsinke, don haka suke matsar da shi lokaci-lokaci. Suna cire komai kafin wanke kai, domin ruwan da ya maƙale a ƙarƙashin zobe ko zare shi ke kawo wari da fumfuna. Ba sa son ulu mai zubar da burbushi, don in ya shige cikin dada ba ya fita. Zoben da ya yi tsatsa ko ya koma kore ba ya sake hawa kai. Murza saiwa kuwa sai bayan wata guda ko fiye. Mai murzawa kowane mako don kai ya yi tsaf, ita ma gaban kanta tafiya zai yi.

Malamar Islamiyyarmu ma ta sa baki. Ta tuna mana hadisin da ya hana haɗa gashi da wani gashi, shi ya sa da yawa a nan suka bar gashin doki suka koma duwatsu da ribon, waɗanda kowa ya gani ya san ado ne. Ta kuma kawo labarin Ummu Salama, Allah Ya ƙara mata yarda, da ta tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko sai ta tsefe kitsonta a wankan janaba, ya nuna mata zuba ruwa sau uku a kai ya wadatar. Amma malamar ta ja kunne: dole ruwan ya kai ga fatar kai. Kitson da aka ɗaure tamau da tulin zare har ruwa ba ya ratsawa, sai an warware shi. Ashe sassaucin da likita ke nema, shi malami ma ke nema.

Sauran kuma kula ce ta yau da kullum. Ba ma rufe jiƙaƙƙen kai da hula da hijabi sai ya sha iska. Da dare ɗankwali mai santsi muke ɗaurawa, don na atamfa na shanye mai yana kuma goge gaban kai. Hausawa sun ce ba a kitso da kwarkwata: in akwai amosani ko ƙuraje, a yi magani kafin a yi ado. Kitso kada ya wuce mako huɗu zuwa shida, in an tsefe a bar kai ya huta kwana biyu. Kada kuma amarya ta firgita in ta ga gashi a mataji ranar tsifa. Kowa na zubar da sili 50 zuwa 100 a rana, kitso ne ya riƙe su. Abin tsoro shi ne gurbi a goshi, domin gashi wajen santimita 1 kacal yake ƙaruwa a wata, wanda aka rasa a zama ɗaya sai a yi shekara ana jiransa.

To iyaye mata, yayye, da ku masu kitso, bukukuwa ba sa ƙarewa. Ku je kasuwar Kurmi da ta Sabon Gari ku zaɓo wuri da duwatsu masu kyau, ku yi wa 'ya'yanku ado su fito tsaf. Amma in yarinya ta ce, "Umma, da zafi," ku yarda da ita, a tsefe wannan layin a sake kamawa. Kuɗin kitso bai kai gashin goshinta daraja ba. A rage duwatsu, a sassauta hannu. Allah Ya raya mana su.