Lakadan Ba Ajalan Ba

Ranar Asabar ɗin nan da ta wuce ni ne wakilin ango a wani ɗaurin aure a Majidaɗi, cikin garin Jalingo. Ɗan yayana ne ke aure, kuɗin sadakin kuma suna asusuna tun farkon mako. Tun wahalar takardun naira ta 2023 mutane suka saba da tura kuɗi ta waya, har mai tsire ma alat yake jira, don haka muka shirya da waliyyin amarya a wurin zan tura masa, kowa ya shaida. Daren Juma'a wayata ta sake roƙon a bar ta ta sabunta manhajarta. Na sa ta a caji, na danna mata amincewa, na kwanta.

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, rana ta fara dukan rumfa. Na nema wa ɗana aure, waliyyi ya ce ya bayar. Liman ya juyo gare ni.

"Sadaki nawa?"

"Naira 200,000, Allah gafarta Malam."

"Lakadan ko ajalan?"

"Lakadan," na ce, har da gyara babbar riga.

Sanƙira ya miƙe ya kwarara wa jama'a, har na bakin titi suka ji: lakadan, ba ajalan ba! Na zaro waya, na taɓa manhajar banki. Fuskar wayar ta yi fari fat. Wata 'yar da'ira ta fito tsakiya tana juyawa. Na sake taɓawa. Tana juyawa. Na danna komawa baya, na danna nan, na danna can, na shafa sama, na shafa ƙasa. Tana juyawa.

Wurin ya yi tsit. Yaron da ke riƙe da buhun goro ya tsaya da hannu a ciki. Liman, wanda ya riga ya ɗaga tafukansa zai shiga addu'a, ya sauke su a hankali ya ɗora kan gwiwa. Waliyyi kuwa ya riƙe tasa wayar, 'yar ƙarama mai maɓallai wadda ba ta taɓa neman a sabunta ta ba, yana duban ta yana dubana. Lakadan. Da bakina na faɗa, da ƙarfi, kuma an yi shela. Gumi ya gangaro daga ƙarƙashin hulata ya ɗiga a kan gilashin, da'irar ta ci gaba da juyawa a ƙarƙashinsa.

Daga nan masana suka taso. Wani ya ce in cire batirin in lasa in mayar. Na ce batirin wannan ba ya fita. Ya ce to ai shi ya sa. Wani ya karɓe ta ya ɗaga sama yana neman sabis, alhali sabis a cike yake. Wani mai Keke Napep da ya tsaya don goro ya ce a binne ta cikin shinkafa. Aka ce masa ai ba ruwa ta faɗa ba, ya ce duk da haka. Wani dattijo ya taɓa bayanta, ya ji zafi, ya ce zazzaɓi ne, ya cire hularsa ya shiga yi mata fifita da gaske, fuskarsa cike da tausayi. Shi kaɗai ne a wurin ya damu da wayar, ba da kuɗin ba.

Amma gwarzon ranar wani ɗalibin Jami'ar Jihar Taraba ne daga dangin amarya. Ya durƙusa kusa da ni ya ce, "Kawu, jiya ka yi mata afdet ko?" Na gyaɗa kai. Ya ce sabuwar manhajar don sababbin wayoyi aka yi ta, tawa kuwa ƙwaƙwalwarta gig 2 ce, ma'ajiyarta cike da hotunan biki, batirin ya tsufa, ga zafin Jalingo da ke sa waya ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Kayan raƙumi aka ɗora wa jaki, in ji shi. Na ce to yaya za a yi? Ya ce ai abin ya shahara. A Disambar 2017 Apple ya amsa cewa yana rage gudun tsofaffin iPhone saboda batirinsu. A 2018 Italiya ta ci tarar Apple Yuro miliyan 10, Samsung miliyan 5. A 2020 Faransa ta ƙara wa Apple tarar miliyan 25. Na ce masa cikin raɗa, "Ɗana, tawa ba ta gidan ko ɗayansu ba ce. Yaya za a yi yanzu?" Ya yi shiru yana tunani, sannan ya ce da ban yi afdet ɗin ba.

Liman ya yi gyaran murya ya ce shari'a ta yarda da ajalan, babu laifi. Sanƙira ya ce shi fa ya riga ya faɗa.

Ana cikin haka wayar ta farfaɗo, kuma ashe duk danne-dannen da na yi tana ajiye da su. Ta zube su gaba ɗaya. Tocila ta kunnu, kyamara ta ɗauki ƙasan haɓata, saƙonni suka buɗe, sai muryar uwargidana ta tashi a lasifika, saƙon da ta aiko tun safe, ƙarar a ƙure:

"Malam, don Allah ka dai tabbata ba ka taɓa kuɗin sadakin yaron nan ba, na san halinka."

Dattijon ya daina fifita, ya mayar da hularsa.