Kowa da Abin da Ya Kawo Shi Gayya

Da an ba da hutun jami'a, ƙungiyoyin ɗaliban Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa sai su tashi da aikin gayya: darasin JAMB kyauta, yashe kwalbati, kai ɗan hatsi ga 'yan gudun hijira. A bakin kowa, don Allah ya zo. Allah dai ya san na cikin zuciya, mu ma mun ɗan leƙa.

Akwai ɗan yajin aiki, wanda ASUU ta haifa. Wata takwas ɗin yajin 2022 sun ishe shi da aiken cefane, sai kishin al'umma ya taso masa. Ranar da aka janye yajin, kishin ya hau mota ya koma Dutsin-ma. Akwai mai satifiket, da tun kafin ya taɓa shebur zai tambaya ko takardar tana da hatimi. Akwai kuma wanda ya zo saboda wata ɗalibar Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ce ke rubuta sunaye. Kullum sunansa ɓata yake yi, sai an sake rubutawa.

Gwanina dai shi ne Honorabul. Aji biyu yake a Zariya, amma tuni ya ɗinka malum-malum. Wurin yashe kwalbati da farar shadda yake zuwa, ya tsaya a inuwa yana nuna wa masu aiki inda laka ta fi yawa. In an je gaida hakimi shi ne a gaba, "ranka ya daɗe" na bin "ranka ya daɗe", jawabin minti biyu ya kai har kiran la'asar. Duk tsohuwar da ya miƙa wa mudun masara sai ya tambaye ta rumfar da take jefa ƙuri'a. Kujerar kansila yake hari, kowa ya sani, har kansilan mai ci, wanda ya daina amsa gaisuwarsa. Da aka katse layukan waya a yankin a watan Satumban 2021, Honorabul ya fi 'yan kasuwa shiga uku: sai ya yi takanas ya bar jiha kafin ya ɗora hotonsa a Facebook. Duk da haka, shi ke samo mana motar ɗaukar kaya, don haka a bar shi da shaddarsa.

Mu 'yan kwamitin rubuta rahoto kuwa aikinmu na zaune ne, kusa da kular zoɓo. Dole wani ya sadaukar da kansa.

Wanda ba na yi wa dariya shi ne mai farautar hawaye. Zai shiga firamaren da 'yan gudun hijira ke kwana, ya ɗora wa matar da aka kashe wa miji katan ɗin taliya, ya ce, "Inna, ɗan ƙara sunkuyar da kai," ya ɗauka, ya watsa da lambar asusunsa a ƙasa. Bai tambaye ta ba, bai ko san daga wane ƙauye ta gudo ba. Wannan a ƙasar da aka kwashe yaran makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disamba, 2020, aka sako 344 bayan kwana shida, kuma a yau wasu daga cikin masu koyar da darasin hutun nan 'yan uwan yaran ne, ba ka taɓa jin sun yi talla da abin ba.

Shugabannin ƙungiya, hutu mai zuwa ku karɓe wayar mai farautar hawaye a bakin ƙofa. In ya ƙi, ya koma gida.