Masu Cin Churrasco Kafin Jirgi Ya Tashi

Wanda zai tashi daga filin jirgin Guarulhos na São Paulo, in yana da awa uku a hannu da 'yan canji a aljihu, ƙamshin churrasco ba zai bar shi ya wuce ba. Gashi ne irin na makiyayan kudancin Burazil: gishiri mai gwara-gwara da garwashi, shi ke nan. Tsarin cinsa ana ce masa rodízio. Kuɗi ɗaya za ka biya, a ba ka ɗan kati, gefe kore gefe ja. Muddin koren ne a sama, samari masu dogon tsinken ƙarfe da wuƙa ba za su daina tsayawa a kanka ba.

Na farko da za ka gane shi ne Mai Fanshe Kuɗi. Tun da ya ji farashin ya ɗaura ɗamara. Ganye ba ya kallo, shinkafa ba ya taɓawa, ruwa ma sai ya kusa shaƙewa. Picanha yake jira, naman saman cinyar saniya mai rawanin kitse, kuma ya ƙirga yanka nawa ne za su mayar masa da kuɗinsa. Gefen ja na katinsa har ya tashi bai ga haske ba.

Kusa da shi akwai wanda aka ci da yaƙi tun kafin a fara. Ya tarar da pão de queijo, ƙananan dunƙulen garin rogo da cuku, masu ɗumi, ya ci takwas. Da nama ya iso sai kallo da ajiyar zuciya.

Mai Agogo kuwa ido ɗaya a faranti, ɗaya a waya. Duk sanarwar da aka yi da Fotugisanci sai ya miƙe da loma a baki, a ce masa jirgin Recife ne, ya koma ya zauna.

Sai namu, kuma shi na fi so. Kalma ɗaya ya haddace: porco, wato alade. Kowane tsinke ya zo sai ya nuna da yatsa ya tambaya, ya kori linguiça, tsiran alade, da hannu biyu, kuma ya yi daidai. Amma da aka yanko masa naman saniya mai ja a ciki, sai ya ce wannan ai in aka kai ta asibitin dabbobi za ta farfaɗo. Aka mayar wuta sau biyu. Ya ɗanɗana farofa ya ce, “To, garin kwaki ne kawai aka soya!” Nan ma bai yi ƙarya ba. Can ya waiga hagu da dama, ya zaro ƙullin yajin ƙuli daga aljihun kaftani. Kafin ya gama barbaɗawa, Mai Fanshe Kuɗi ya miƙo faranti.

Akwai mai ɗaukar hoto har naman ya huce, amma shi kowane gari akwai shi.

Dukansu za ka sake haɗuwa da su a jirgin Addis Ababa, tafiyar sama da awa goma, bel ba ya ɗauruwa, ana ta neman ruwa. Mai karatu, in ka ga Mai Fanshe Kuɗi a kujerar taga, ka roƙi ma'aikaciyar jirgi ta sauya maka wuri tun kafin a rufe ƙofa.